Idon Baffa Gaji da Tukunyar Alhaji

Kafin a hura wa tukunyar tururi wuta sai an ba ta ruwa, kuma a injin casar shinkafar Alhaji Falalu da ke bakin hanyar Kiyawa, Baffa Gaji ne mai ba ta. Daga masallacin asuba yake zarcewa can, tun sauran ma'aikata ba su iso ba. Sai ya tsuguna ya laluba bawul ɗin ƙasa ya tabbatar a rufe yake, don kada ruwan ya zurare ta kwata. Ya taka tsani ya buɗe ɗan bututun saman da iska ke fita, sannan ya sauko ya kunna famfon da ke jawo ruwa daga tanki. Abin da ya rage aikin ido ne. A jikin tukunyar akwai wani siririn gilashi a tsaye, a cikinsa ake ganin ruwa yana hawa a hankali. In ya kusa rabi sai a kashe famfo, a zuba ɓuntun shinkafa a murhu, a kunna. In ruwan ya yi yawa, tururi ya fita a jiƙe ya yi ta dukan bututai. In kuwa ya yi kaɗan, wuta ta ci ƙarfe tsura, abin da zai biyo baya ba a fatansa.

To, idon ne ya fara janyewa.

Da farko gefe-gefe ne ya tafi. Mutum zai tsaya dab da kafaɗarsa yana gaishe shi, sai ya juyo da kai gaba ɗaya kafin ya gan shi. Daga baya duniya ta koma masa kamar mai leƙe ta cikin bututu. Fitilar masallaci ta yi wani zobe mai launi-launi, kansa kuma ya riƙa sarawa ta bayan gira. Da wasu likitocin ido suka zo Dutse duba mutane kyauta, ya bi layi. Likitar da ta haska shi ta daɗe tana kallo, ta ce hawan jinin ido ne. Ta ce akwai maganin ɗigawa da ba a fashinsa ko na kwana ɗaya, kuma lallai a kai shi Kano a yi masa aiki, domin abin da ciwon nan ya cinye ba ya dawowa.

Alhaji Falalu ɗan yayansa ne, marigayin da suke uwa ɗaya uba ɗaya. A gidansa Baffa Gaji yake zaune tun rasuwar matarsa, a wani ɗaki da ke jikin zaure. Da ya gaya masa abin da likita ta ce, Alhaji ya yi salati, ya jinjina kai, ya aika aka sayo kwalbar farko tun kafin la'asar. Ya ce batun Kano kuwa ya bar masa, da zarar an gama hada-hadar kaka shi da kansa zai tuƙa shi.

Kwalbar ta ƙare kaka ba ta ƙare ba. Motocin shanshera suna ta shigowa daga Taura da Jahun, tankunan gumi ba sa hutawa. Baffa Gaji ya bar kwana biyu yana jin nauyi, sannan ya tare shi da safe a bakin mota.

"Alhaji, maganin nan ya ƙare."

Alhaji yake ce masa a gaban mutane, ko da yake shi ya goya shi a kafaɗa zuwa kallon Sallah. Alhaji Falalu ya dafe wayar da ke kunnensa, ya ce ai yana sane, ya ma sa a kawo mai kyau daga Kano, domin na nan garin jabu sun yi yawa. Ya ce Baffa ya ƙara haƙuri, ya san yadda lokacin nan yake, kuma wa zai bar wa tukunyar in sun tafi? Duk ma'aikatan nan babu wanda zai iya damƙa wa ita ya yi barci. Ya faɗi haka cikin girmamawa har da ɗan rusunawa, sai da tsohon ya ji kamar shi ne ya yi gajen haƙuri.

Maganin Kano bai zo ba. Da ya shiga cikin gida ya yi wa Hauwa'u, matar Alhaji, maganar ko za ta tuna masa, sai ta ɗauko masa wani kwalli da ta ce tsarabar Makka ce, da ɗan ruwan zamzam a gora. Ta ce kakarta ma haka ta yi ta fama, tsufa ne, likitocin nan kuma ba sa rasa abin da za su tsorata mutum da shi. Ta ce Alhaji yana da abubuwa da yawa a kansa, bai kamata a riƙa ɗaga masa hankali ba. Yana fita ya yi tuntuɓe da kwanon kokon da aka ajiye masa a bakin ƙofa, ya malale. Ya ji ta tana cewa ƙasa-ƙasa, abin da Baffa yake yi wani lokaci kamar da gayya.

Bayan kaka aka ce sai an gama odar azumi. Da azumi ya kama aka ce ai ba a taɓa ido da ƙishirwa, a bari sai bayan Sallah.

A wannan tsakanin gilashin ya ɓace masa. Zai kafa fuskarsa dab da shi, ya haska da tocila, ya ga wani abu mai ƙyalli amma ya kasa raba ruwa da iska. Bai gaya wa kowa ba. Ya san ranar da aka ce ba ya iya tukunya, ranar zai zama baki kawai a gidan, mai jiran a miƙo masa. Sai ya samo dabara. Tukunyar tana kwana da ɗumin jiya, kuma a fuskarta ta gaba akwai inda rufin ya yage, ƙarfe ya fito fili. In ya kunna famfo sai ya shimfiɗa tafin hannunsa a wurin, ya yi shiru. Ruwan tanki mai sanyi ne. A hankali zai ji sanyin yana hawowa ta cikin ƙarfe, daga ƙasan tafinsa zuwa yatsu. In ya kai kan wani ƙusa da ya yi wa alama, sai ya kashe. Kullum in ya kunna wutar, ba ya samun natsuwa sai rana ta fito wani ma'aikaci ya wuce ta wurin bai ce komai ba.

Boaz ne ya gane. Makanike ne mutumin Filato, mazaunin Dutse, shi ake kira in wani inji ya tsaya. Ya yi sammako wata rana don ya duba janareto, ya tarar da tsohon a tsaye hannu a jikin tukunya, fuskarsa na kallon bango. Ya daɗe yana kallonsa, sannan ya matso ya tambaye shi a ina ruwan yake a gilashi. Baffa Gaji ya nuna da yatsa. Inda ya nuna ba gilashin ba ne, bututun da ke gefensa ne.

"Baba, wannan abin ba wasa ba ne," in ji Boaz, muryarsa a ƙasa. "Rai ne. Naka da na duk wanda ke cikin rumfar nan."

Baffa Gaji ya roƙe shi ya rufa masa asiri. Boaz ya ce ba zai iya ba. A ranar ya sami Alhaji a ofis ya gaya masa, ya ce a kai tsohon asibiti, a nemi wani ya riƙe tukunyar, shi ma zai iya kawo mutum mai takardar aikin. Alhaji ya yi masa godiya sosai, ya raka shi har bakin ƙofa.

Da yamma Alhaji ya shigo ɗakin Baffa Gaji, abin da ya daɗe bai yi ba. Bai zauna ba. Ya ce bai taɓa zaton Baffa zai ɗauki maganar cikin gida ya kai wa bare ba, har a zo ana koya masa yadda zai riƙe ƙanin ubansa. Ya ce me ya rage shi da shi, ci ko sha ko sutura? Mutumin da Boaz ke son kawowa ai ɗan garinsu ne, gurbi yake nema masa. Ya ce shekara nawa Baffa yana cika tukunyar nan ba a taɓa samun matsala ba, ko ido a rufe zai iya. Bayan Sallah dai, in Allah Ya yarda, Kano za su.

Baffa Gaji ya so ya ce ba shi ya kai maganar ba. Ya so ya ce idon hagu ya riga ya mutu, na dama ne ya rage ɗan kaɗan. Kafin ya haɗa kalmomin, ya ji takun takalmi ya fice. Tun daga ranar ba a sake kiran Boaz aiki ba.

Da Sallah aka rufe injin. Aka zubar da ruwan tukunyar aka wanke cikinta, ta yi kwanaki a bushe, ta huce sarai. Ma'aikata duk suka tafi garuruwansu. Ba su gama dawowa ba wani ɗan kasuwa ya matsa wa Alhaji da waya, motarsa tana hanya. Alhaji ya ce lallai gobe a tashi tukunya, in ya so masu gumi su iso su tarar da tururi.

Shi da kansa ya ɗauko Baffa Gaji a mota bayan asuba. Tsohon ya rufe bawul ɗin ƙasa, ya buɗe na iska, ya kunna famfo, ya ɗora hannunsa inda ya saba. Ƙarfen sanyi ƙalau, sama da ƙasa duk ɗaya. Babu ɗumin da sanyin ruwa zai kora. Ya tsaya yana saurare. Famfo yana ta aiki, iska tana fita ta sama, amma tukunyar da aka fara daga babu komai tana shan ruwa fiye da yadda ya saba, kuma bai san ko tankin ma a cike yake ba bayan hutu. Can sai ya ji ƙarar famfon ta ɗan sauya. Ya kashe shi, ya bi bango ya fita inda motar take.

"Falalu," ya ce. Rabon da ya kira shi da sunan har ya manta. "Zo ka duba mini gilashin nan. Ba na gani."

Alhaji ya sauko da waya a kunne. Ya zo bakin rumfar ya tsaya, bai ƙarasa ciki ba saboda toka da fararen kayansa. Gilashin tsoho ne, tsatsar ruwa ta daɗe da yi masa wani jan layi a tsakiya. Ya hango daga inda yake.

"Ga shi nan a rabi, Baffa. Kunna."

"Ka matso dai ka duba da kyau."

"Na ce maka na gani. Kunna, motar mutumin nan ta wuce Shuwarin, ta kusa isowa."

Baffa Gaji ya kunna. Ɓuntu ya kama, wuta ta yi ƙarfi. Ya zauna a kan buhu yana jiran kukan da ruwa ke yi in ya fara zafi. Kukan ya zo da wuri, ya zo da wata irin murya da bai sani ba. Daga nan hancinsa ya ɗauko wari, warin ƙarfe da fenti suna ƙonewa. Jikinsa ya ba shi tun kafin hankalinsa ya gama ganewa. Ya san in ya kunna famfo yanzu, ruwan sanyi ya sauka kan jan ƙarfe, rumfar ba za ta saura ba. Ya lalubo doguwar ƙugiyar jan wuta, ya buɗe ƙofar murhu, ya shiga jawo garwashi waje. Yana cikin ja wani bututu ya tsage a ciki. Tururi da toka suka yi tsartuwa ta ƙofar, suka same shi a hannuwa biyu har gwiwa.

Bai saki ƙugiyar ba sai da ya ji wutar ta mutu. Masu gumin da suka fara isowa ne suka same shi zaune a ƙasa, ya miƙe hannuwa gaba kamar mai addu'a, fatar tana saɓulewa.

Abin da aka gagara yi wa ido tun kaka, tukunya ta same shi cikin mako. Washegari injiniyoyi suka iso daga Kano da motarsu. Alhaji ya kama musu masauki, Hauwa'u ta riƙa aika musu abinci a manyan kuloli. Aka sauya bututai, aka sa sabon gilashi mai fitila a bayansa, aka ɗauki ma'aikacin tukunya mai takarda. Baffa Gaji kuwa mai kemis ɗin unguwa ne yake zuwa ya wanke masa ƙunar a ɗakinsa.

Daga kwance yake jin yadda ake ba da labarin a zaure, domin bango ɗaya ne tsakani. Masu jaje suna zuwa, Alhaji yana yi musu bayani. Ya ce ya yi ya yi da Baffa ya huta ya ƙi, tsofaffin nan in sun saba da aiki ba a raba su da shi. Ya ce ashe ya daɗe ba ya gani, ya ɓoye wa kowa. Ya ce asarar ba ta dame shi ba, tunda Allah Ya tsare rai. Masu jaje suka yi ta yaba haƙurinsa. Ba wanda ya ambaci wanda ya tsaya a bakin rumfa ya ce ruwa yana rabi. Da farko Baffa Gaji yana jira ya ji ko muryar za ta yi rawa in ta zo wurin. Bayan an maimaita labarin sau da yawa, ya lura Alhaji ya fara gaskata shi da kansa.

Huseina, 'yarsa ɗaya tilo da ke aure a Taura, sai a bakin wata mai sayar da daddawa ta ji. Ta zo ta tarar da shi yana neman bakin kofi da leɓe, hannuwa a naɗe. Ta zauna ta ba shi kunun da cokali. Da safe ta tare adaidaita ta kai shi asibitin ido. Likitan ya haska dama, ya haska hagu, ya tambayi yaushe aka daina ɗiga magani. Suka gaya masa. Ya ce jijiyar ta riga ta bushe a duka biyun. Abin da za a iya yanzu shi ne a rage masa ciwon kai.

A hanyar dawowa ta ce za ta tafi da shi Taura, mijinta ya yarda. Baffa Gaji ya ji wani sanyi a ƙirjinsa da ya daɗe bai ji ba.

Alhaji ya ce sam. Ya ce yana raye ba za a ce ƙanin ubansa ya koma cin tuwon gidan suruki ba, me mutanen Dutse za su ɗauke shi? Huseina ta ce, "Yaya, lokacin da idonsa ke mutuwa ba a cikin Dutse kake ba?" Hauwa'u ta ce ba a yi wa babba irin wannan maganar a gidansa. Aka kira dattawan dangi. Suka saurara, suka ce gaskiyar Alhaji ce, namiji ba ya barin gidan ɗansa ya tare a gidan 'ya mace, kuma ga shi an ga irin ɗawainiyar da ake yi da shi. Suka ce Huseina ta ba yayanta haƙuri. Ba wanda ya tambayi Baffa Gaji inda yake so. Ta tafi da yamma tana kuka, ta bar masa ƙullin dabino a ƙarƙashin matashi.

Ranar da za a sake tashin tukunyar, Alhaji ya shirya sauka da walima a ƙofar gida. Aka ɗinka wa Baffa Gaji sabuwar farar shadda mai dogon hannu da ta rufe tabon, aka kafa masa hula, aka zaunar da shi kan kujera a tsakiyar zaure inda duk mai shigowa zai gan shi. Yana jin ƙamshin turare da na soyayyen nama, yana jin ana durƙusawa ana gaishe shi, muryoyin da ya sani da waɗanda bai sani ba.

Bayan an shafa fatiha, wani babban baƙo daga cikin abokan cinikin Alhaji ya yi gyaran murya. Ya ce a wannan zamani da 'ya'ya ke gudun iyayen da suka haife su, ga mutum ya riƙe baffansa makaho, ya ci da shi ya sha da shi, ko asarar da ya jawo masa bai sa ya juya masa baya ba. Ya ce irin wannan sai a yi koyi. Ya roƙi tsohon ya sa wa ɗansa albarka a gaban jama'a.

Aka kamo hannun Alhaji aka ɗora a kan nasa. Baffa Gaji ya ji taushin tafin da sanyin zoben azurfa a kan sabuwar fatar da ba ta gama warkewa ba. Zauren ya yi tsit. Sannan tsohon ya ɗaga fuskarsa sama, ya ce a hankali, yadda kowa zai ji:

"Allah Ka ga abin da Falalu ya yi mini. Allah Ka saka masa da daidai shi."

Zauren ya ɗauka da amin, har da na tsaye a waje. Baffa Gaji ya karkata kunne wajen da Alhaji yake durƙushe. Daga wajen bai ji amin ba. Sai hannun da ke cikin nasa ya ji yana zamewa a hankali.